Lambar jikin kwali da ruwan da ke fita ta tiyo: sharhi kan famfon kwarfe ruwa da batirinsa a ƙananan jirage

Daga Agusta har shekara ta juya, mai jirgi a arewacin Kamaru da Chadi ba ya rabuwa da maganar ruwan da ke taruwa a cikin jirginsa. A Lagdo da Maga ruwan sama ne ke kwana yana cika jiragen da aka ɗaure a gaɓa. A Kusiri da Njamena, Logon da Shari suna kaiwa maƙura wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A Darak, Blangwa, Bol da Baga Sola kuwa sai Disamba ko Janairu tafkin ke gama cika, daidai lokacin da iskar hunturu ke tayar da igiyar ruwa tana watso ta cikin jirgi. Ambaliyar 2022 da ta 2024 ma sun mai da kwale-kwale motar haya a unguwannin Njamena da na Yagwa, suka jefa mutanen da ba su taɓa riƙe filafili ba cikin harkar.

A 'yan shekarun nan wani ƙaramin famfo mai aiki da batir, wanda bai fi gwangwanin madara girma ba, ya fara kaiwa hannun masu jirage ta shagunan kayan sola da masu odar kaya daga waje. A jikin kwalinsa an rubuta 12V, sannan da manyan baƙaƙe 1100 GPH, ko 750, ko 2000. Nan ruɗanin ya taso. Wani ya ce tun da ya sa shi bai ƙara taɓa bokiti ba. Wani ya ce nasa bai yi mako biyu ba ya ƙone. Wani kuma ya ƙara kuɗi ya sayi mai lamba 2000, ya tarar da ruwan da yake fitarwa bai fi na maƙwabcinsa mai 1100 ba. Dukansu na iya zama masu gaskiya, domin famfon ɗaya ne kawai daga cikin abubuwa huɗu da ke aiki tare: famfo, tiyo, waya da batir. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke yawan ruwan da zai fita.

Wane ruwa ake magana a kai?

Ruwan cikin jirgi ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su ne ke sa a ɗora wa famfo aikin da ba nasa ba.

Akwai yoyo, ruwan da ke tsattsafowa ta haɗin katako inda auduga ko tsumma da kwalta suka saki. Jirgin katako ba ya rasa wannan, sai dai wani ya fi wani. Akwai ruwan sama, wanda lissafinsa mai sauƙi ne: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ke nan. Jirgi mai tsawon mita 12 da faɗin mita ɗaya da rabi, in an cire tsukewar goshi da ta baya, bakinsa ya kai murabba'in mita 15. Idan hadari ya sauke milimita 40 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a Garwa cikin Agusta, jirgin zai wayi gari da lita 600, wato nauyin buhun siminti 12. Akwai kuma igiyar ruwa da ke tsallako baki, musamman in lodi ya danne jirgin har saura taƙi ɗaya tsakanin bakinsa da ruwa.

Na huɗu shi ne huda: jirgi ya hau kututturen da ruwa ya rufe, katako ya ɓalle, ko dorina ta ɗaga shi. A nan lissafi yake juyewa. Rami mai faɗin santimita 2 da rabi, wanda babban yatsa zai kusa toshewa, idan yana ƙasa da saman ruwa da santimita 30, zai riƙa shigo da lita 40 zuwa 70 a minti ɗaya, gwargwadon yadda bakin ramin yake. In faɗin ramin ya ninka ya zama santimita 5, ruwan ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi. Ga shi kuma duk lokacin da jirgin ya ƙara nutsewa ramin na ƙara zurfi, ruwan na ƙara ƙarfi.

Haɗarin ruwan ciki bai tsaya ga nauyi ba. Buhu yana zama inda aka ajiye shi, amma ruwa gudu yake zuwa ɓangaren da jirgi ya karkata, ya ƙara danne shi can. Shi ya sa jirgin da ruwa ya kai idon sawu a cikinsa kan kife da motsin da a bushe ba zai ko ji ba, kamar fasinjoji su zabura su koma gefe ɗaya. Budumawan tafki da jirginsu na ciyawa ba su san wannan matsala ba, tunda ciyawar ce da kanta ke yawo a kan ruwa, abin da ya hau sai ya tsiyaye. Jirgin katako kuwa kwano ne, abin da ya shiga sai an fitar.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ta shafi famfon ƙananan jirage, ISO 15083, ta fayyace cewa maganarta a kan ruwan yau da kullum ne, ba na jirgin da ya fashe ba. Mafi ƙarancin abin da ta nema ma kaɗan ne: lita 10 a minti ga jirgin da bai wuce mita 6 ba, lita 15 har zuwa mita 12, lita 30 ga wanda ya haura haka. Wato su kansu masu tsara ƙa'idar ba su ɗauki ƙaramin famfo a matsayin maganin huda ba. In jirgi ya hudu, abin da famfo ke bayarwa shi ne ƙarin mintoci a toshe ramin ko a kai gaɓa.

Abin da GPH ke nufi

Baƙaƙen suna nufin galan nawa a awa ɗaya, kuma galan ɗin Amurka ne, mai lita 3.785. Famfo mai 500 ke nan yana da'awar lita 31 a minti, mai 1100 lita 69, mai 2000 lita 126.

Lambar ba ƙarya ba ce kai tsaye, amma an same ta ne a yanayin da babu shi a cikin jirgi. Ana auna ta famfo na zubar da ruwa a bakinsa, babu tiyo, babu hawa, galibi da wuta mai ƙarfin bolt 13.6, irin wadda ake samu lokacin da inji ke cajin batir. A cikin jirgi dole ruwan ya hau daga ƙasa zuwa baki, wanda a babban jirgin dako kan kusa mita ɗaya, ya ratsa tiyo mai lanƙwasa, ga batirin da ya sauko zuwa bolt 12 ko ƙasa da haka. Kowanne na cizon rabonsa. Masu aikin jirage kan ɗauki rabi zuwa kashi 60 cikin 100 na lambar kwali a matsayin abin da za a dogara da shi. Mai 1100 ya koma lita 35 zuwa 40 a minti ke nan, wanda da kyar zai yi kunnen doki da ramin nan na babban yatsa.

Wannan lissafin famfon kamfanin da ya auna kayansa da gaske ne. Akwai waɗanda aka kwaikwayi siffarsu da launinsu aka buga musu lambar da aka ga dama.

Abubuwan da ake fitar da ruwa da su

Na farko shi ne wanda kowa ya sani: yaron jirgi da yankakkiyar jarka ko bokiti. Kada a raina shi. Mutumin da ya tsorata, yana ɗebe lita 10 kowace daƙiƙa shida, lita 100 yake fitarwa a minti, ya ninka abin da famfo mai 1100 ke fitarwa a zahiri. Matsalarsa ita ce ba zai jima a haka ba, yana buƙatar fili tsakanin buhuna da ƙafafun fasinja, kuma da dare yana gida yana barci.

Famfon batir da ya fi yaɗuwa shi ne mai farfela a ciki, wanda ake zaunar da shi cikin ruwan. Yana da araha, yana fitar da ruwa mai yawa in hawan kaɗan ne, amma ba ya zuƙo ruwa daga nesa, sai ruwan ya rufe gindinsa. Ba ya busar da jirgi ƙaf, kuma in ya tsaya, ruwan da ke cikin tiyo yana komowa. Babban maƙiyinsa datti ne. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin katakon shimfiɗa na jirgin kamun kifi ya san abin da ke wurin: ɓawon kifi, guntun zaren kalli, leda, ɓawon gyaɗa, yashi, garwashin banda. Zare ɗaya ya isa ya naɗe farfela ya tsayar da ita, motar ta ci gaba da jan wuta tana zafi har ta ƙone. Yawancin famfunan da ake cewa “bai yi mako biyu ba” a nan suke mutuwa. Maganin bai wuce a kewaye shi da ragar ƙarfe ko gwangwani mai ƙananan huji ba, a kuma ajiye shi inda hannu zai kai ko da an yi lodi. Famfon da aka binne ƙarƙashin buhun masara 30 ba za a iya share shi ba a ranar da ake nemansa.

Akwai mai fatar roba da ke bugawa kamar zugazugi. Shi yana zuƙowa ta tiyo, don haka ana iya ɗaure shi sama inda ruwa ba ya kaiwa, yana tsotse ruwa kusan ƙaf, kuma aiki a bushe ba ya kashe shi nan take. Sai dai na batir ɗinsa ya fi tsada, ruwan da yake fitarwa kuma bai kai na mai farfela ba. Irinsa na hannu, mai mariƙin da ake kaɗawa, babbansa kan fitar da kusan lita ɗaya a kowane bugu, ba ya neman wuta, kuma mai kaɗa shi yana zaune wuri ɗaya ba ya girgiza jirgi.

Sai injin ban-ruwa mai fetur, wanda masu noman rani a bakin Logon da Shari da Binuwai suka fi kowa sani. Mai bakin inci 2 irin Honda WB20 yana kai lita 600 a minti, mai inci 3 ya haura 1,000. A duk jerin shi kaɗai ne zai iya karawa da huda ta gaske. Amma nauyinsa ya kai kilo 20, sai an ɗura masa ruwa kafin ya fara ja, sai kuma ya yarda ya tashi. Injin da ya yi wata uku a jirgi ba a kunna shi ba, da tsohon fetur a cikinsa, ba lallai ya amsa a ja na farko ba. Hayaƙinsa kuma na kisa ne a ƙarƙashin rumfar tamfol da aka rufe.

Tiyo da waya: inda ake yin asarar da ba a gani

Ga yadda abin kan faru a shago. Mai jirgi ya biya kuɗin famfo mai 2000, ya tambayi tiyo, yaron shago ya ce, “Alhaji, mai wannan faɗin ya ƙare, amma ga na ban-ruwan fulawa, in an naɗa masa roba zai shiga.” Alhaji ya karɓa. Bakin famfo mai 1100 zuwa 2000 yawanci milimita 29 ne, na ƙananan kuma 19. In aka tsuke 29 zuwa 19, hanyar ruwan ta koma ƙasa da rabi, an sayi babban famfo an mai da shi ƙarami. Tiyo mai ƙwarya-ƙwarya a ciki ma yana rage gudu fiye da mai santsi, haka kowace lanƙwasa da kowace mita da ba a buƙata.

Inda tiyon ke zubarwa ya fi wannan haɗari. Idan bakinsa ya nutse cikin kogi, ko don an rataya shi da tsawo ko don lodi ya danne jirgin, da zarar famfo ya tsaya ruwa zai juyo ciki, daidai yadda mai sayar da man bakin hanya ke janyo fetur daga duro da tiyo. Famfo mai farfela ba ya tare ruwan da ke komowa. Don haka ake son mafitar ta kasance sama da ruwa ko a ranar da lodi ya fi nauyi. Wasu kan sa bawul mai hana komowa, amma yana rage ruwan da ke fita, datti na maƙale shi, har yakan hana famfon fara turawa. Kamfanonin famfo da dama ba sa son a dogara da shi.

Waya kuma a wutar bolt 12 ba abin wasa ba ce, domin wutar ba ta da rarar da za a zubar a hanya. Famfo mai 2000 na jan kusan amfiya 8 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da abu ke ja). In batir na nesa da shi da mita 5, wutar za ta yi tafiyar mita 10, zuwa da dawowa. A wayar tagulla mai kaurin 1 mm², bolt 1.4 zai salwanta, fiye da kashi 10 cikin 100. A mai 2.5 asarar ta koma kusan rabin bolt, a mai 4 kuma sulusin bolt, wato kashi 3, inda masu aikin wutar jirage ke son a tsaya. Wannan in wayar tagulla ce. Akwai ta alminiyon da aka shafa wa tagulla a baya, wadda ta fi cin wuta, kuma danshi ke mai da ita gari. A kankare bakin wayar da wuƙa: in cikin ya fito fari, ita ce.

Dole a sa fis kusa da kan batir, kamar taƙi ɗaya, mai lambar da aka rubuta a jikin famfon. Shi ne zai yanke wuta in farfela ta maƙale. Duk haɗin waya a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa. Maƙalar nan mai kama da bakin kada da ake cafka wa batir kuwa tana tartsatsi duk sanda aka cire ko aka maƙala, kuma a jirgin da ke ɗauke da jarkokin fetur wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Batir: awa nawa ke cikinsa?

Lambar Ah da ke jikin batir tana nufin amfiya nawa zai bayar na awa nawa. Batir mai 100 a takarda zai ba da amfiya 5 na awa 20. Amma batirin dalma, mai ruwa ne ko busasshe, in ana son ya yi rai ba a cinye fiye da rabinsa. Abin da ke hannu 50 ne ke nan: wajen awa 6 ga famfo mai 2000, ko awa 14 ga mai 1100 da ke jan amfiya 3 da rabi. Batirin babur mai 5 ko 7 da wasu ke ɗaurawa, wajen awa ɗaya ce a cikinsa ga mai 1100.

A gwada lissafin da jirgin nan mai mita 12. Lita 600 na ruwan sama, famfo mai fitar da 40 a minti zai gama da su cikin minti 15, bai ci ko 1 Ah ba. Ruwan sama ba ya kashe batir. Yoyo ne ke kashe shi. Jirgin da ke tsattsafo lita 5 a minti, abin da ido ba zai ɗauka da muhimmanci ba, yana tara lita 7,200 a kwana ɗaya. Famfon zai yi aikin awa 3, ya ci fiye da 10 Ah kullum. Kwana biyar babu caji, batir mai 100 ya kai iyakarsa. Wanda ya kashe kuɗin yini ɗaya wajen kafinta aka sake cusa auduga aka shafa kwalta, ya rage buƙatar batirinsa fiye da wanda ya ƙara na biyu.

Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙoƙi ya tayar da inji, a mayar masa nan take. In ana zuƙe shi ana cikawa kullum, ba ya daɗewa. Na sola, mai kaurin faranti, shi aka yi don wannan aiki. Na hannu da aka ciro daga mota kuwa lambar jikinsa tarihi ce: yana iya nuna bolt 12.6 a mitar auna wuta, ya faɗi cikin minti 10 da an ɗora masa famfo. Mita na faɗar gaskiya ne in batir ya huta: 12.6 zuwa 12.7 cike yake, 12.1 zuwa 12.2 rabi, ƙasa da 11.9 ya kusa ƙarewa. Zafi ma na cin sa. Ana auna rayuwar batirin dalma a digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 na raba ta biyu. A yankin da Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, batirin da ke yini a rana cikin baƙin akwati ba zai ga shekarun da aka yi alkawari ba.

Batirin litiyom, irin wanda aka rubuta wa LiFePO4, ya amsa da yawa daga cikin waɗannan. Ana iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa, nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, yana jure caji sau dubbai. Yana da hali ɗaya da ya kamata mai jirgi ya sani: akwai na'ura a cikinsa mai kare shi, kuma in ta ga ya yi ƙasa sai ta yanke wuta ɗif, babu gargaɗi. Na dalma yakan sa famfo ya riƙa sanyi a hankali, mai kunne ya ji. Ga tsada, ga jabu, kuma ba kowace caja ce ta dace da shi ba.

Inda injin jirgi na tashi da makulli, ana raba batir biyu: ɗaya na inji, ɗaya na famfo, don kada famfo ya kwana yana aiki a wayi gari inji ya ƙi tashi. Kowane batir kuma a ɗora shi sama a ɗaure. Wanda aka ajiye a ƙasan jirgi shi ruwa zai fara cinyewa.

Ina cajin zai fito?

Injunan da suka fi yawa a waɗannan ruwaye irin Yamaha Enduro ne masu ƙarfin doki 15 da 40, waɗanda ake tayarwa da igiya. Ba su zo da batir ba. Wasu samfuran na da naɗin waya na fitila mai ba da wajen wat 80, amma wutarsa mai kai-komo ce, sai an sa mata na'urar daidaitawa kafin ta caja batir, kuma amfiya 6 ɗin da take kaiwa sai inji na gudu sosai. Jirgin da ke yini a hanya tsakanin tsibirai zai amfana, na masuncin da ke kashe inji ya jefa taru ba zai samu da yawa ba.

Farantin sola mai wat 50, a rana mai kyau, yana mayar da wajen 15 Ah. Ya rufe buƙatar jirgin nan mai yoyo, amma da ƙyar. Ranar da aka fi buƙatarsa, cikin hadarin Agusta ko ƙurar hunturu, ita ce ranar da yake bayar da kaɗan. Dole a sa na'urar kula da caji tsakaninsa da batir. A nan akwai tarkon da masu haɗa solar gida ke faɗawa: mafitar fitilu ta wannan na'ura tana yanke wuta in batir ya yi ƙasa, don ta cece shi. A ɗaki wannan daidai ne. A jirgi, ceton batir ne da asarar jirgi. Famfo kai tsaye ake haɗa shi da batir, ta fis ɗinsa.

Haɗa inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, da famfon rijiya mai wutar bolt 220 kuwa, a jirgin da mutane ke tsaye cikin ruwa ba takalmi, haɗari ne da babu ribar da ta kai shi.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Tsofaffin matuƙa da dama na ganin da tsohuwar zuma ake magani. Hujjarsu ita ce bokiti ba ya ƙonewa, kuma yaron da ke kwarfa shi ne ke fara lura cewa yoyon yau ya fi na jiya. In famfo mai kunna kansa na fitar da ruwa a ɓoye, mai jirgi ba zai san katako na ruɓewa ba sai ranar da batir ya mutu. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma a manyan jirage ana magance ta ne da fitila ko ƙararrawa mai nuna famfo ya tashi.

Masu goyon bayan famfo na cewa jirage da yawa ba a tsakiyar ruwa suke nutsewa ba, a gaɓa suke cika da dare, inji ya sha ruwa, taru ya tafi. Makunni mai tasowa da ruwa, wanda ke kunna famfo in ruwa ya ɗaga shi, an yi shi ne don wannan sa'a. Sai dai shi ma datti na maƙale shi, a kunne ko a kashe, don haka ake haɗa shi da makunnin hannu. Akwai kuma cikas ɗin da ba na fasaha ba: batir da farantin sola kaya ne masu ƙafa. Mai jirgin da ke ɗauke batirinsa zuwa gida kowace magariba don tsoron ɓarawo, famfonsa ba ya aiki a daren da aka saye shi dominsa. Inda masu jirage ke da mai gadi na haɗin gwiwa a tasha, lissafin ya bambanta da inda babu.

Ra'ayi na uku na masu manyan jiragen dako da fasinja ne: ƙarami ɗaya a can ƙasa don yoyon yau da kullum, babba a ɗan sama da shi wanda ba ya tashi sai ruwa ya fi ƙarfin na farko, kowanne da wayarsa da fis ɗinsa, sannan na hannu ko injin fetur, sannan bokiti. Tsari ne da ya fi sauran tsaro, ya kuma fi su tsada da neman kulawa. Ga ƙaramin kwale-kwalen masunci mai filafili, wanda mutum ɗaya ke kwarfe shi cikin minti biyar, nauyin batir kaɗai ya isa ya sa abin bai cancanta ba.

Abin da ya shafi fasinja da yaron jirgi

Ga fasinja, ganin famfo a jirgi ba shaida ba ce cewa jirgin zai ɗauki ƙarin mutum goma. Akwai fargabar cewa zai zama hujjar ƙara lodi: matuƙi ya ce, “Hajiya, ki kwantar da hankalinki, akwai famfo.” Igiyar ruwa ɗaya da ta tsallako bakin jirgin da lodi ya danne na iya zuba ɗaruruwan lita cikin daƙiƙa biyu, famfo mai lita 40 a minti ba shi da ta cewa. Rigar ruwa da rage lodi suna nan a matsayinsu. A tafkin Chadi, inda tazara da rashin tsaro ke sa agaji ya yi nisa, mintocin da famfo ke sayowa sun fi daraja, amma sai in akwai abin toshe rami a kusa: tsumma, guntun katako, ƙusa, guduma, tamfol ɗin da za a zura ta waje.

Ga masu dakon banda, masara da siminti, ribar a bayyane take, tunda buhun ƙasa ne ke jiƙewa kuma asararsa kan jawo rigima tsakanin mai kaya da mai jirgi. Ga yaron jirgi kuwa, aikin ba ya ɓacewa, sauyawa yake yi. Wanda ya iya share raga, duba fis da karanta mita ya fi wanda ya iya kwarfa kaɗai kasuwa, kuma jirgin da ya sallami yaro don ya sayi famfo ya rage hannun da zai riƙe bokiti ranar da fis ya tsinke.

Kafin a biya kuɗin sabon famfo ko a zargi tsoho, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A zuba ruwa a jirgi, a bar famfo da tiyo da waya da batir yadda suke aiki kullum, inji a kashe, a tara jarka mai lita 20 a bakin tiyo daidai tsayin bakin jirgi, a duba agogon waya. Mai 1100 da zai cika alkawarin kwalinsa daƙiƙa 17 zai yi. In ya cika ta cikin 30, lafiyarsa ƙalau, lita 40 ke nan a minti. In ya haura minti ɗaya, a fara da raga, sannan tiyo, sannan a ɗora mita a kan wayar famfon yana cikin aiki, a gwada abin da ta nuna da wanda ke kan batir.